Ra'ayinmu: A Daina Tura Abin Da Ba A Tabbatar Ba

A da, in labari ya taso daga Damazin sai ya kwana a hanya kafin ya iso Mai Wurno, kuma kowa ya san bakin da ya kawo shi. Yau kuwa saƙon murya na shiga wayar makiyayi yana tsakiyar garke, ba a san mai maganar ba, ba a san garinsu ba, abin da ake ji kawai shi ne "ku tura wa 'yan'uwa."

Jama'armu ba su manta da daminar 2022 ba. A watan Yuli rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Ƙaisan da Rusairis da kewayen Damazin, aka rasa rayuka fiye da 100. A Oktoba kuma wuta ta sake tashi a Wad al-Mahi, inda mutane fiye da 200 suka halaka. Ba mu ce waya ce ta haifi wannan fitina ba, domin tushenta maganar ƙasa ce da sarauta. Amma duk wanda ke riƙe da waya a kwanakin nan ya ga yadda Facebook da WhatsApp suka cika da kalaman tunzuri, kowane ɓangare na zuba wa wutar mai.

Haka ya faru a jihar Filato ta Nijeriya a watan Yunin 2018. An yaɗa hotunan gawarwaki ana cewa Fulani ne suka yi kisan, matasa suka tare hanya, suka kashe matafiya 11. Daga baya binciken BBC ya nuna cewa ɗaya daga cikin hotunan an ɗauke shi ne a Kongo-Brazzaville tun 2012. Wanda ya tura ya kwana a ɗakinsa lafiya, wanda ke kan hanya shi ya biya.

To, wa ya fi makiyayi da bafataken shanu zama a kan hanya? Manomi na da ƙauyen da zai shige, mu kuwa burtali da mashaya da kara su ne gidanmu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abin ya ƙara muni, domin saƙo guda mai cewa mutanen ƙauye kaza na taimakon wani ɓangare ya isa a tashi ƙauyen. Mazauna kambo-kambo na Jazira sun ɗanɗana wannan zargi a Janairun 2025.

Kiranmu shi ne, in saƙo ya zo, a tambayi wanda ya turo: kai ka gani, ko ji ka yi? A dubi hoton da kyau, tufafin mutanen da lambar mota da irin itatuwan wurin, na ƙasar nan ne? In an ambaci gari, a buga wa umda ko wani ɗan'uwa da ke can. Saƙon da ba suna, ba rana, sai rantsuwa da gaggawa, a bar shi ya mutu a wayarka.

Fatake kuma, ga naku: hoton shaidar tura kuɗi ta Bankak ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsa. Kada ka saki igiya sai ka buɗe asusunka da hannunka ka ga sun shiga.