Kuɗin momo ba ya juya mara lafiya

Wata 'yar'uwa mai fataucin albasa tsakanin Bawku da Kumasi ta aiko da tambaya. Mahaifiyarta na Tamale, ɓarin jikinta ya shanye, ga gigin tsufa ya fara shigarta. Ta ce, shin akwai gida irin na Turai da za ta riƙa biya a kula mata da ita?

Hajiya, tambayarki ta mutane da yawa ce, sai dai kunya ke hana su yi. A Ingila da Amurka, irin waɗannan gidaje aiki uku suke yi: jinya dare da rana, kula da masu mantuwa, da gashin ƙashi don jiki ya farfaɗo. A nan Gana, 'yan ƙalilan da ake da su galibi a Akra da kewayenta suke, masu zaman kansu ne, kuma daga aljihu ake biya. Mu a Tamale, gidan tsoho shi ne gidan 'ya'yansa. To amma in 'ya'yan suna kan lori, wa ke yin aikin nan uku? Abin da nake so mu duba ke nan, domin da yawanmu in mun tura kuɗi ta momo sai mu ɗauka mun sauke nauyi.

Mu fara da jinya. Wanda ba ya iya motsa kansa, ana juya shi kamar duk awa biyu, in ba haka ba gyambo ya ɓulla a ƙugu da dunduniya, kuma warkar da shi ya fi hana shi wuya. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. A tabbatar katin NHIS bai mutu ba. Wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin inshora na shekara, kuma ko kina Kumasi za ki iya sabunta katin ta waya da *929#.

Sai gashin ƙashi. Watannin farko bayan shanyewar jiki su ne suka fi amfani. Asibitin Koyarwa na Tamale yana da sashen wannan aiki. Kada a tura tsohuwa da direban yalo-yalo kaɗai. Mai kwana da ita ya bi ta, ya ga yadda ake miƙe hannu da ƙafa, ya dawo gida ya riƙa yi kullum. Tausayin da ke sa a ce "ku bar ta ta kwanta" shi ke sandarar da gaɓoɓi.

Na uku shi ya fi damuna. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Tsohuwa za ta manta ta ci tuwo yanzu, amma ta tuna farashin goro a zamanin Nkrumah. Wadda ta shekara arba'in tana ciniki da Dagbanci a kasuwar Aboabo, tana iya komawa Hausar yarintarta zalla. Za ta ɓoye kuɗi ta ce an sace, ta fita da asuba wai za ta gidansu, ta kira sunan matattu. A nan arewa mun san inda wannan ke kai mace. A watan Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a bainar jama'a, bisa zargin maita. Sansanonin Gambaga da Gnani da Kukuo kuwa, yawancin mazaunansu tsofaffin mata ne da aka kora daga gida. Kada mu ce ai mu 'yan Zango ne, ba ruwanmu. Tsohuwar da ta ɓata cikin dare ba ta san iyakar unguwa ba.

Don haka kada a ɓoye. A gaya wa maƙwabta da liman da mai unguwa cewa ba ta da lafiya. A ɗinka mata lambar waya a zane ko hijabi. Kada a yi gardama da ita. In ta ce za ta kasuwa, a ce "to Inna, mu sha koko tukuna." In kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu, a ruga asibiti, don zazzaɓi ko ciwon suga ko ciwon mafitsara na iya jawo haka, kuma ana warkewa.

Sannan mu dubi mai jinyar. Sau da yawa matar ɗa ce, ko jikar da aka tsame daga makaranta. Ku zauna 'yan ɗaki ɗaya ku yanka mata kuɗi duk wata, ku ba ta ranar hutu, ku raba kwanaki yadda kowa in ya sauke kaya zai karɓe ta. Yarinyar kuma a mayar da ita aji.

Marigayi Dakta David Abdulai ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu a 1991, yana magani kyauta, yana ciyar da masu taɓin hankali a titunan garin nan har ya rasu a 2016. Mutum ɗaya ke nan. Mu da muke da ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan shanu da 'yan hatsi, muna adashi duk mako, za mu kasa ɗaukar nas guda mai zagaya gidajen tsofaffinmu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabannin kasuwa, a sa maganar nan a taro na gaba.

Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya. Sai mako mai zuwa.