Kada garin gyaran ƙofa a toshe magudana

Tun 2002, da Alain Cribier ya fara aikin a birnin Rouen na Faransa, likitoci ke sauya bawul ɗin zuciya ta jijiyar cinya, ba tare da tsaga ƙirji ba. Damuwata ɗaya ce. Sabon bawul in ya buɗe, yakan ture tsohon zuwa gefe, kusa da bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta. In ya rufe su, jini ya yanke nan take. Abin bai cika faruwa ba, amma yana kisa.

Shi ya sa nake ganin auna tazarar bakin jijiyoyin a hoton siti-sikan wajibi ne. In sun yi kusa, akan tsaga fatar tsohon bawul da wayar lantarki tukuna. Mai kai dattijonsa Indiya ko Masar ya tambayi likita: an auna?