Tsokaci Kan Bikin Buɗe Sabon Shago A Ƙasar Daura

 

Duk wanda ke zaga Daura ya san yadda shaguna da gidajen mai da ɗakunan sayar da magani suka yawaita, musamman tun daga 2019 da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. Wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai tare da shi wata ɗabi'a ta yi ƙarfi, wato ba a buɗe shago sai an kafa rumfuna, an yi hayar kujeru da lasifika, an gayyato manya su yanke ƙyalle. 'Yan'uwa da yawa suna tambaya ko wannan bidi'a ce.

Amsarmu ita ce, sanar da jama'a cewa an buɗe wurin sana'a al'ada ce, ba ibada ba, kuma asalin al'ada halacci ne matuƙar ba ta ƙunshi haram ba. Wanda ya ciyar da mutane don godiya ga Allah, ba tare da ƙudurta cewa yin hakan a wannan rana sunna ce ba, ba mu da hujjar tsangwamarsa. Masu gaggawar kiran kome bidi'a su yi hattara, domin haramta halal ba ƙaramin laifi ba ne. Matsalar tana cikin abin da ake cusawa a bikin.

Mafi muninsa shi ne wanda ba a rubutawa a katin gayyata. Mutum zai je wurin mai duba a buga masa ƙasa a zaɓa masa ranar sa'a, a ce ya guji watan Safar. A daren jajibiri a binne laya a bakin ƙofa, a rataye wata a bayan kanta, a yanka baƙin bunsuru jinin ya zuba a dokin ƙofa wai don a sallami mutanen ɓoye. Da gari ya waye kuma sai a kira malami ya buɗe taro da addu'a! Imam Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in, ya kuma ruwaito daga Sayyidina Ali tsinuwa a kan mai yanka don wanin Allah. To wace riba ce za ta cike wannan giɓi? Mai neman zaɓin Allah ga istihara nan an koya masa. Mai neman lokacin albarka kuwa ya tuna Annabi (S.A.W.) ya yi wa al'ummarsa addu'ar albarka a sammakonta, kuma Sakhrul Gamidi, sahabin da ya ruwaito hadisin, ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe har ya yi arziki, kamar yadda ya zo a Abu Dawuda da Tirmizi.

Sai batun jari. 'Yan kasuwar Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu ba sa bukatar a ba su labarin yadda kasuwa ke juyawa dare ɗaya. Sun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sun ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, da cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, sannan aka sake rufe Kwangwalam bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Wanda ya tsira a waɗannan lokuta shi ne mai ɗan abin da ya ajiye. Yanzu a ce matashi ya haɗa jari daga gadon mahaifinsa da adashin mahaifiyarsa da rancen aboki, sai ya ɗebi kaso mai tsoka ya zuba a shinkafa da lemo da anko da maroƙa, domin kada a ce bikin wane ya fi nasa. Bayan wata uku kanta ta yi fayau, mai bashi yana sallama. Aya ta 26 da ta 27 a Suratul Isra'i sun danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu, balle kuma almubazzaranci da dukiyar da ba taka ba. Abdurrahman bn Auf da ya isa Madina ba shi da kome, aka yi masa tayin rabin dukiya ya ƙi, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya fara da cuku da man shanu. Walimar da Annabi ya umurce shi da ita daga baya ta aure ce.

Game da kiɗa da cakuɗuwar maza da mata da liƙi ba sai mun tsawaita ba, masu karatu sun san hukuncinsu. Liƙin ma ko dokar Babban Banki ta 2007 ta hana shi.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne a kanmu, mu da muke da'awar Sunna. Mun kori makaɗa, madalla. Amma wasunmu sun mai da wa'azi kansa ado. A jera malamai a kujerun gaba tare da 'yan siyasa, kowane mai jawabi ya yabi Alhaji da abin da bai san gaskiyarsa ba, a toshe titi da motoci, a ɗaga lasifika a kan maƙwabta har lokacin salla ya shige. Masu hali su ci kaji a cikin rumfa, almajirai da leburorin da suka ɗora bulon ginin suna leƙe daga waje, alhali Buhari da Muslim sun kawo daga Abu Huraira cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Malamin da aka gayyata kuma nauyi ne a kansa ya tambayi abin da za a sayar da inda jarin ya fito, domin zamansa a wurin shaida ce a idon jama'a. Idan rancen ruwa ne aka ci, addu'arsa ba za ta wanke shi ba.

Saboda haka wanda ya zo neman shawararmu kan shirin buɗe shago, abin da za mu fara tambayarsa shi ne ko ya zauna gaban malami ya karanci babin ciniki, ko da na Risala ne. Tirmizi ya kawo cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Sannan in da abokin tarayya ko mai bashi, a rubuta yarjejeniya da shaidu tun kafin a buɗe ƙofa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma sau nawa zumunci ya tsinke a gaban alƙali saboda an ji kunyar ɗauko takarda? A gwada mudu da sikeli. A yanka wa yaron shago albashinsa a fili. A riƙe ranar da jari ya kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, domin idan shekara ta zagayo a ƙiyasta haja a fitar da ɗaya bisa arba'in.

In an gama waɗannan, abin da ya saura na ciyarwa a yi shi daidai ƙarfi, daga aljihun mai shago ba daga jari ba, a fara da maƙwabta da mabukata, a kuma tashi kafin kiran Azahar.