Ga Matasan Mawaƙanmu: Kada Ku Zauna Ku Kaɗai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, musamman na yankinmu na Tsaskiya da Safana da Batsari, akwai masu baiwar tsara waƙa a cikinku da yawa, amma kowa yana rubutu a ɗakinsa, ya tura ta waya, ya zauna jiran yabo. Ra'ayina shi ne wannan hanya ba ta fitar da mawaƙi. Duk mai son waƙarsa ta yi ƙarko, to ya nemi ƙungiyar marubuta waƙa mafi kusa da shi ya shiga, in kuwa babu, ya tara 'yan'uwansa su kafa.

Fa'ida ta farko ita ce gyara. Rubutacciyar waƙa ilimi ce mai ƙa'ida. Tana da kari, tana da amsa-amo, baitinta yana iya zama ƙwar biyu ko ƙwar biyar. Khalil ibn Ahmad ya tsara ilimin aruli a kan bahar 15, daga baya aka ƙara na 16, kuma malamanmu sun ɗora waƙoƙin Hausa masu yawa a kan wasu daga cikinsu, kamar Kamil da Mutaƙarab. Karyewar kari kuwa kunne ke kama ta, ido ba ya gani. Sai ka tashi ka rera a gaban mutum biyar da suka san abin, sannan za ka ji inda harshenka ya yi tuntuɓe. Wanda ya danna maka alamar yabo a Facebook ba zai taɓa ce maka ɗango na uku ya fi 'yan'uwansa tsawo ba.

Fa'ida ta biyu ta shafi addininka. A ƙarshen Suratush Shu'ara'i Allah Ya zargi mawaƙan da ke faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan Ya keɓe waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambatonSa. Ke nan waƙa wuƙa ce, ta danganta da hannun da ya riƙe ta. Hassan ibn Thabit (RA) ya kare Manzon Allah (SAW) da baitocinsa. Matashin da ke rubutu shi kaɗai yana iya jingina wa Annabi maganar da bai faɗa ba, ko ya wuce gona da iri a yabo, ko ya ci mutuncin wani, kuma babu mai tsayar da shi kafin waƙar ta bazu. A cikin ƙungiya za a samu ɗalibin ilimi da zai ce masa: Malam, wannan baitin a sake duba shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar waƙoƙinta su kai wa matan karkara su koyar da su. A Kano, ƙungiyar Hikima ƙarƙashin Alhaji Mudi Sipikin ta tara mawaƙa maza da mata, ana jin waƙoƙinsu a rediyo, har Graham Furniss ya yi digirinsa na uku a kanta a Landan a 1977. Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu 'yan wannan ƙungiya ne, kuma an buga waƙoƙinsu a Zariya a 1983 cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata. Da a ce kowace ta ɓoye takardunta a akwati, wa zai san su a yau?

Fa'ida ta uku ita ce ta fi damuna. Yankinmu ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. An tashi ƙauyuka a gefen dajin Rugu, an bar gonaki, an rasa rayuka. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, na tsawon watanni. A wancan lokacin, wanda duk masu sauraronsa suke cikin waya ya wayi gari ba shi da kowa. Abin da ya same mu amana ce a wuyan masu alƙalami. In ba mu rubuta shi da bakinmu ba, wasu za su rubuta mana shi daga nesa, su mai da mu lissafi kawai. Mutum ɗaya yana iya gajiya ko ya ɓatar da littafinsa, amma ƙungiya tana adanawa.

Na san abin da wasu za su ce: ƙungiya matattarar hassada ce da riya da ɓata lokaci. Akwai gaskiya a ciki, domin ko'ina aka tara masu baiwa, Shaiɗan yana neman wurin zama. Sai dai kaɗaici ma yana da tasa cutar, wato jiji da kai, don wanda ba a taɓa gyara masa ba yana ɗauka ba ya kuskure. Maganin shi ne tsari: a yi zama da rana, a tashi idan lokacin salla ya yi, a kiyaye ladubban shari'a tsakanin maza da mata, a soki baiti ba mai baiti ba, kuma kada a bari ɗan siyasa ya saye bakin ƙungiya.

Farawa ba ta buƙatar kuɗi. Mutum biyar, inuwar makaranta, da littafi guda da za a riƙa kwafe kowace waƙa da sunan mai ita da kwanan wata. A gayyaci malamin Hausa ko na Larabci ya zama uba. In an yi ƙarfi, Dutsin-ma ba ta da nisa, akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya, sannan a nemi reshen Katsina na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981.

Allah Ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ranar gobe, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.