Gajeriyar Hanyar Digirin Kimiyya

'Yan'uwana mata, tun da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, sannan ta 'yan mata a Taura a 1981, iyaye suke tambaya: in yarinya ta kama karatun kimiyya, yaushe za ta gama ta yi aure?

Shi ya sa ake kwaɗayin jarrabawar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da ita. Yarinya za ta karanta darussa 3 kamar shekara guda. In ta ci sosai, ana iya ɗaukarta aji 2 na jami'a kai tsaye, digirin shekara 4 ya koma 3.

Amma ku lissafa, shekarar IJMB ɗin ma shekara ce. Ribar ita ce yarinya ba ta zauna gida jiran gurbi ba.

Wata ƙanwata 'yar Kiru ta bi hanyar nan. Ta tarar 'yan ajinta sun riga sun saba da kayan ɗakin gwaji, sai da ta yi ta raba dare kafin ta kamo su. A shekarar ƙarshe ta yi bincikenta a kan tsabtar ruwan madatsar Tiga, tana zirga-zirgar ɗebo ruwa tana aunawa, wata da watanni.

To iyaye, in ta zo hutu ku rage mata aikin gida, kada ku matsa mata. Ku kuma 'yan mata, ku riƙe lissafi tun daga sakandare. Sauri kan haifi nawa.