Sharhi: Haɗarin Da Ke Kwance Ƙarƙashin Dusar Ƙanƙarar Tsaunukan Alps

A duk lokacin hunturu, zaftarewar dusar ƙanƙara kan hallaka kimanin mutane 100 a tsaunukan Alps na nahiyar Turai. A da, mazauna ƙauyukan da ke gindin tsaunuka ne bala'in ya fi shafa. A hunturun shekarar 1950 zuwa 1951, mutane 98 ne suka rasu a Suwizalan kaɗai, sannan a ranar 23 ga Fabrairun 1999, dusar ƙanƙara ta rufta wa ƙauyen Galtür da ke Ostiriya, inda ta kashe mutane 31. Waɗannan masifu ne suka sa gwamnatoci suka kafa shingayen ƙarfe da katangu a saman garuruwa, lamarin da ya rage asarar rayuka a gidaje da hanyoyi.

A yau, galibin masu mutuwa 'yan wasan zamiya ne da masu hawan tsaunuka waɗanda kan bar filayen da ake kula da su, su kutsa inda babu mai tsaro. Bincike ya nuna cewa a kusan kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan haɗurra, wanda abin ya rutsa da shi ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar.

Dalilin haka yana cikin yadda dusar ke taruwa hawa-hawa. Idan sabuwar dusa mai nauyi, musamman wadda iska ta tara, ta kwanta a kan tsohuwar shimfiɗa mai rauni, nauyin mutum guda ya isa ya karya ta ƙasan, sai ta saman ta sulale gaba ɗaya. Wannan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, kuma ido ba ya ganin raunin daga sama.

Tun daga shekarar 1993 ƙasashen Turai ke amfani da ma'auni guda mai matakai biyar wajen gargaɗi, kuma cibiyoyi irin su SLF da ke Davos na fitar da hasashe kullum a lokacin sanyi. Sai dai mafi yawan mace-macen na aukuwa ne a mataki na uku. A mataki na huɗu da na biyar, tsoro kan hana mutane fita. A na uku kuwa, da yawa kan ɗauka haɗarin matsakaici ne, su kama hanya.

Idan dusar ta binne mutum, lokaci kaɗan ne ya rage. Mafi yawan waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa, amma bayan minti 35, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke tsira. Jirgin ceto ba kasafai yake isa cikin wannan lokaci ba, don haka abokan tafiya masu na'urar gano mutum da shebur su ne masu ceton farko.

Hukumomi sun kare garuruwa gwargwadon iko, sun kuma inganta hasashe. Aikin da ya rage shi ne wayar da kan masu shiga tsaunuka su fahimci cewa mataki na uku ya isa dalilin sauya hanya ko fasa tafiya.