Linzamin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

A kwanakin baya wani ɗalibi a nan unguwar Totsi ta Lome ya zo neman shawara, ya tara 'yan sefarsa, yana tsakanin Ryzen 5 3600 na AMD, wanda ya fito a 2019, da Core i5-10400F na Intel na 2020, alhali muradinsa ya ɗan ƙara wa furosesa gudu fiye da ƙa'idar masana'anta. Ban yi jinkirin ba shi fatawa ba, domin ko da yake kowannensu cibiya shida gare shi, kuma wat 65 aka rubuta musu, Intel ta ɗaure nata da linzami, ba ta sakinsa sai ga masu harafin K, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Shi kuwa Ryzen a sake yake, har a kan allon B450 mai rahusa. Amma fa na gargaɗe shi, da yake zafin Lome da laimar teku da ƙurar hunturu ba su san uzuri ba, ya tanadi fanka ta gari tukuna, ya kuma tsaya kusa da gigahaz 4, kada ya ƙara wuta.